Tsakanin Mai Fasaha da Mai Saye: Wa Dokar Haƙƙin Mallaka Take Karewa a Kasuwar Waƙa da Fim?

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda kamfanoni da 'yan kasuwa suke mu'amala da masu fasaha da masu saye a ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka. Ta ɗauki kasuwar waƙa da fim ta Hausa a matsayin fagen nazari, ta kuma jingina da abubuwan da suka faru a Afirka ta Kudu da Amurka da Turai. Matsayin da ta tsaya a kai shi ne, mafi yawan cutar da ake yi wa mawaƙi da mai sauraro ana yin ta ne ba tare da an karya doka ba, domin doka tana kare aiki ko a hannun wa ta same shi, ba ta kuma tambayar yadda ya bar hannun mai shi.

Gabatarwa



Duk lokacin da aka zauna taro a kan haƙƙin mallaka a Najeriya, maganar satar fasaha ce take cika zaure. A nuna hoton tulin faifan da aka kama, a yi tir da masu tura fina-finai a waya, a roƙi hukuma ta ƙara ƙaimi wajen kame. Ba na musun ɓarnar da satar fasaha ta yi. Ta karya jarin mutane da yawa a Kano da Kaduna da Jos. Amma akwai tambayar da ba a cika yi ba, kuma ita ce ta kawo ni: a ce yau an wayi gari babu ɓarawon fasaha ko ɗaya, kuɗin da aka ceto aljihun wa zai shiga? Idan amsar ita ce aljihun wanda ya rera waƙar, ko ya rubuta labarin, ko ya kaɗa fiyano, to babu sauran magana. Idan kuwa ba can zai je ba, ashe muna yaƙi ne da sunan mai fasaha alhali ganimar ta wani ce.

Abin da doka ta tanada

Dokar haƙƙin mallaka ta farko a tsarin da muka gada ita ce wadda majalisar Ingila ta yi a 1710, zamanin Sarauniya Anne. Masu buga littattafai na Landan ne suka matsa aka yi ta, ba marubuta ba, amma majalisa ta saka wani sharaɗi mai hikima: kariyar shekara 14 ce, idan kuma marubucin yana raye bayan ta ƙare, haƙƙin ya koma hannunsa na wasu shekara 14. Wato tun daga farko an gane cewa marubuci yakan sayar da aikinsa da arha lokacin da yake cikin buƙata, don haka aka ba shi dama ta biyu.

Najeriya ta yi aiki da dokar Ingila ta 1911 har zuwa 1970, lokacin da gwamnatin soja ta yi tata. Dokar soja mai lamba 47 ta 1988 ta maye gurbinta, ta kuma haifar da hukumar da yanzu ake kira Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya. Wadda ake aiki da ita a yau ita ce dokar 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023. Ta ce rubutu da waƙa suna da kariya tsawon ran mai su da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa, fim da sautin da aka naɗa kuwa shekara 50 daga fitowarsu. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, saboda haka waƙoƙin da ya tsara suna cikin kariya har ƙarshen 2069. Dokar ta kuma ce sayar da haƙƙi ko ba wa wani shi kaɗai izinin amfani da shi ba ya inganta sai a rubuce.

Ga inda gizo yake saƙa. Dokar ba ta ce komai ba a kan farashin da za a saya. Wanda ya biya naira dubu ashirin ya karɓi sa hannu, ya mallaki abin da zai iya ci har jikokinsa, kuma kotu za ta kare shi daidai yadda za ta kare wanda ya biya miliyan ashirin. Haka kuma a wajen fim, wanda doka take ɗauka a matsayin mai aikin shi ne wanda ya yi tanadin shirya shi, wato furodusa, sai fa idan yarjejeniya ta faɗi wani abu dabam. Tsawon kariyar da muke alfahari da shi yana bin takarda ne, takarda kuwa galibi tana hannun mai kuɗi.

Darasin Solomon Linda

Babu labarin da ya fito da wannan a fili kamar na Solomon Linda, Bazulen da ya shiga ɗakin naɗar sauti na kamfanin Gallo a Johannasbag a 1939 tare da ƙungiyarsa, ya rera waƙar da ya kira Mbube. An ruwaito cewa sule goma aka ba shi, haƙƙin ya zama na kamfani. Faifan ya yi kasuwa sosai a Afirka ta Kudu, ya ƙetara teku, mawaƙin Amurka Pete Seeger da ƙungiyarsa suka sake rera shi a farkon shekarun 1950, sannan a 1961 wata ƙungiya mai suna The Tokens ta fitar da shi da sababbin kalmomi ya kai ƙololuwar kasuwa a Amurka. A 1994 waƙar ta shiga fim ɗin The Lion King na kamfanin Disney. Linda kuwa ya rasu tun 1962 cikin talauci, bayan ya yi shekaru yana aikin shirya faifai a kwali a kamfanin da ya sayi waƙarsa.

Abin lura shi ne babu wanda ya yi fashi a wannan silsila. Kowa yana da takarda. Sai da ɗan jarida Rian Malan ya tono labarin a mujallar Rolling Stone a 2000, lauyoyi suka shigar da ƙara a 2004, kafin a sasanta a 2006 a amince da biyan magadansa da kuma sanya sunansa cikin waɗanda suka tsara waƙar. Makamin da lauyoyin suka samu wani sharaɗi ne a cikin dokar Ingila ta 1911, wadda ta yi aiki a Afirka ta Kudu a wancan zamani: duk haƙƙin da mai fasaha ya sayar yana komawa ga magadansa shekara 25 bayan rasuwarsa. Wannan dokar ce ta yi aiki a Najeriya har 1970. Mun taɓa samun wannan sharaɗi, muka yar da shi, dokokin da suka biyo baya ba su dawo da shi ba.

Kasuwar kwali a Kano

Masana'antar fim ta Hausa, wadda akan ƙirga farkonta daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, ta girma ne a kan wani tsarin ciniki da ya kamata a tsaya a fahimce shi, domin shi ne tushen yawancin abin da ya biyo baya. Brian Larkin a littafinsa Signal and Noise na 2008, da Farfesa Abdalla Uba Adamu a rubuce-rubucensa, sun bayyana shi. Furodusa zai gama fim, ya buga kwalin kaset, ya kai wa 'yan kasuwa a Ƙofar Wambai da makamantanta tare da uwar kaset. Su ne suke da injunan kwafa, su ne suke da kaset maras komai, su ne kuma suke da abokan ciniki daga Sakkwato zuwa Maraɗi da Damagaram. Kuɗin furodusa yana kan kwali ne: yawan kwalin da aka sayar, yawan abin da zai samu, wanda bai shiga ba a dawo masa da abinsa. Injunan da hanyoyin rarrabawar kuwa, kamar yadda Larkin ya nuna, su ne waɗanda aka daɗe ana kwafar fina-finan Indiya da Amurka da su ba tare da izinin kowa ba.

Dole a yi wa 'yan kasuwar nan adalci. Lokacin da babu banki ko gwamnatin da za ta ba ɗan fim kwabo, su ne suka sa jari, suka ba da bashi, suka kai fim ƙauyukan da babu wanda zai kai shi. Ba don su ba da masana'antar ba ta tsaya da ƙafarta ba. Sai dai tsarin ya tara dukkan sani a hannu ɗaya. Wanda yake kwafa shi ne yake ƙirga, shi ne kuma yake faɗin abin da aka sayar, furodusa ba shi da wata hanyar tantancewa sai yarda. Inda amana ta yi ƙarfi an zauna lafiya. Inda ta yi rauni babu rasit, babu littafin lissafi, babu shaida.

Shi ma furodusa abin da aka yi masa yake yi wa na ƙasa da shi. Mawaƙin fim yakan shiga sitidiyo ya yi waƙa, furodusa ya saya kai tsaye, a biya sau ɗaya a rabu. Bayan fim ɗin Sangaya a 1999 kowa ya ga cewa waƙa ce take sayar da fim, amma wannan bai sauya yadda ake sayen ta ba. Mata masu amshi da masu rera baitin jaruma, waɗanda muryarsu ce take cikin kowace mota da kowane gidan biki, sallamar ranar ce rabonsu, wani lokaci ko sunansu ba ya fitowa a kwali. Mai kiɗa da marubucin labari haka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wani abin takaici kuma shi ne da yawa daga cikin waɗannan cinikayya da baki aka yi su, wanda a shari'ance yana nufin haƙƙin bai ma bar hannun mawaƙin ba. Amma wa zai faɗa masa? Ko ya sani, shari'ar haƙƙin mallaka a Babbar Kotun Tarayya kaɗai ake yin ta, kuɗin lauya ya ninka abin da aka biya shi, kuma wanda zai kai ƙara shi ne mai ba shi aikin gobe.

Daga kaset zuwa waya

Da kasuwar faifai ta durƙushe a tsakiyar shekarun 2010, masu tura fim da waƙa a katin waya suka cike gurbin, sai aka ɗora musu laifin duka. Amma a daidai wannan lokaci wasu sababbin masu tsaron ƙofa suka bayyana, masu lasisi da ofis da lauyoyi.

Na farko su ne kamfanonin sadarwa da waƙar da mai kira yake ji kafin a ɗaga waya. Miliyoyin mutane suna biyan kuɗin wata a kanta. Kamfanin sadarwa yana cire kaso mafi tsoka, kamfanin da ya haɗa cinikin ya cire nasa, abin da ya saura ya gangaro ga wanda ya kawo waƙar, wanda ba lalle ne shi ne ya rera ta ba. Alƙaluman kuwa suna cikin kwamfutar kamfani. Tsarin kwali ne ya dawo cikin sabuwar riga, mai sayarwa shi ne mai ƙirga.

Na biyu shi ne YouTube, inda shirye-shirye masu dogon zango irin su Izzar So da Labarina suka samu gida. Nan kam an samu ci gaba na gaske, domin mai tasha yana ganin alƙalumansa da idonsa, kamfanin kuma yana ba shi kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallan dogon bidiyo. Sai dai kuɗin talla yana bin ƙasar mai kallo ne, kallo dubu daga Kano ba ya kawo abin da kallo dubu daga Landan yake kawowa. Sannan na'urar da take gane waƙa tana biyan wanda ya riga ya yi rajistarta ne, ba ta san wanda ya rera ba. Duba yawan tashoshin da suke ɗauke da waƙoƙin Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos, ka tambayi kanka nawa ne daga cikinsu suke da izinin magada. Mai tashar yana samu, kamfanin yana samun nasa kaso, kuma doka ta ɗora wa magada nauyin su bi bidiyo ɗaya bayan ɗaya su rubuta ƙorafi da Ingilishi.

Spotify, wanda ya shigo Najeriya a 2021, yana tara kuɗin masu biya a tukunya ɗaya ya raba gwargwadon yawan saurare, saboda haka kuɗin wanda ba ya jin kowa sai mawaƙin garinsu yana tafiya ne mafi yawa ga taurarin da suka cika kasuwa. Daga 2024 kuma kamfanin ya daina biyan komai a kan naɗin da bai kai saurare 1,000 a shekara ba. Babu dokar da wannan ya saɓa wa.

Ƙungiyoyin da aka kafa don su karɓo wa mawaƙa haƙƙinsu daga gidajen rediyo da otal-otal su ne ya kamata su zama garkuwa. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta ba wa COSON lasisi a 2010, ta ba wa MCSN a 2017, ta dakatar da na COSON a 2018, aka yi ta shiga kotu ana fita. Shekarun da aka kwashe ana wannan taƙaddama a Legas, gidajen rediyon Arewa suna ta sanya waƙoƙin Hausa dare da rana, mawaƙa da yawa kuma suna ganin alfarma ce aka yi musu.

Mai saye

Shi ma mai saye yana da ƙorafi, ko da yake ba a gayyatarsa taro. A zamanin kaset an raba masa labari ɗaya gida biyu, uku, har huɗu, don ya saya sau huɗu. A zamanin waya ya ga ana cire masa kuɗin waƙar da bai tuna ya nema ba, ana sabunta masa ita kowane wata, har sai da hukumar sadarwa ta ƙasa ta shiga tsakani, ta fito da lambar 2442 a 2016 don toshe saƙonnin talla, ta kuma yi ta gargaɗi a kan sabunta rajista ba da yardar mai layi ba.

Babbar asararsa kuwa ba a ganin ta da ido. Wanda ya sayi kaset ya mallake shi: ya ara wa maƙwabci, ya sayar, ya bar wa 'ya'yansa. Wanda ya danna maɓallin saye a intanet izini kawai ya samu, wanda kamfani zai iya janyewa. A 2009 Amazon ya goge littattafan George Orwell, har da 1984, daga na'urorin Kindle na mutanen da suka biya, ya mayar musu da kuɗinsu, saboda wanda ya ɗora littattafan ba shi da haƙƙinsu. A 2005 aka gano kamfanin Sony BMG ya ɓoye wata manhaja a faifan waƙa wadda take shiga kwamfutar mai saye ba da saninsa ba, ta kuma buɗe ta ga masu kutse. Sai a 2024 jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta tilasta wa masu shagon intanet su faɗa wa mutum a fili cewa izini yake biya. A ɗaya ɓangaren, wata mata a Minnesota, Jammie Thomas, kotu ta yanke mata biyan dala 222,000 a 2007 saboda waƙoƙi 24 da ta raba a intanet. Idan kamfani ya shiga haƙƙin mutum a ba shi haƙuri da canjinsa, idan mutum ya shiga na kamfani a karya shi har ƙarshen rayuwarsa.

Saurayin da yake biyan 'yan nairori a tura masa fim a bakin kasuwa ba ya gudun biya. Ai biya ya yi. Ya biya wanda ya kawo masa kaya inda yake, a farashin da zai iya, ba tare da ya ƙona data ba. Masana'antar ce ta daɗe ba ta samar masa da halastacciyar hanya mai sauƙi irin wannan ba. A nan ya dace a yaba wa dokar 2022 a kan abu ɗaya: ta shigar da yarjejeniyar Marrakesh, wadda Najeriya ta amince da ita a 2017, ta halasta mayar da littattafai zuwa tsarin da makafi za su iya karantawa ba sai an nemi izini ba.

Inda gyara zai fara

Wasu ƙasashe sun riga sun yarda cewa 'yancin ƙulla yarjejeniya tsakanin mai yunwa da mai rumbu ba ya isa. Dokar Amurka ta 1976 ta ba mai fasaha damar soke cinikin da ya yi bayan shekara 35. Tarayyar Turai a 2019 ta wajabta wa kamfani ya ba mai fasaha bayanin abin da aikinsa ya samo aƙalla sau ɗaya a shekara, ta ba shi damar neman ƙari idan abin da aka biya shi ya zama ƙanƙane ƙwarai a kan abin da aka samu, da damar karɓe aikinsa idan an ajiye shi ba a amfani da shi. Waɗannan ne nake ganin ya kamata masu fasaharmu su nema a majalisa, kuma wajabcin bayyana alƙaluma ya fi gaggawa, domin daga kwali har waƙar waya ciwon ɗaya ne.

Akwai kuma aikin malamai. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke a zamanta na Kuwait a 1988 cewa haƙƙin wallafa da ƙirƙira dukiya ce da shari'a take karewa. Mun saba jawo wannan fatawa a kan mai kwafa. Ina roƙon malaman fiƙihu su dube ta ta ɗaya fuskar: mene ne hukuncin cinikin da mai sayarwa bai san iyakar abin da yake sayarwa ba, kamar mawaƙin da ya sayar da waƙa don fim na kaset a 2002, yau kuma ana cin kuɗinta a intanet? Babin garari da na cuta a farashi ba baƙi ba ne a littattafan Malikiyya.

Wanda ya fi kusa da hannu kuwa ba ya buƙatar zuwa Abuja. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano tun 2001 take duba fim fitowa bayan fitowa, tana yi wa 'yan masana'anta rajista, ƙungiyar 'yan fim ta MOPPAN kuma tana da rassa a jihohi. Ko da yake yin dokar haƙƙin mallaka hurumin tarayya ne, babu abin da zai hana ƙungiyoyin sana'a su tsara takardar yarjejeniya shafi ɗaya da Hausa, a boko da ajami, wadda za ta faɗi abin da aka sayar, na shekara nawa, a wace kafa, da kason kowa idan aikin ya hau intanet ko talabijin. Sai a sa ta cikin takardun da furodusa zai gabatar kafin a duba masa fim, da sa hannun mawaƙi da mai kiɗa da mai amshi da marubuci, kowa ya tafi da kwafinsa.